Ni da Baba Audu a Gindin Sikwoya

Tun da muka dawo daga Amurka bara, ban shiga kasuwar Yargoje ko ta Daudawa na fito lafiya ba. Sai wani ya riƙo mani hannun riga ya ce, "Malam Hamisu, wai da gaske akwai itacen da ya fi ɗakin soro faɗi?" Na ba da labarin har na gaji. Abokan aikina suka ce in rubuta in huta. Na jinkirta, don rabin labarin ba nawa ba ne. Sai da na hau keke na je Sabuwa na nemi izinin Baba Audu. Ya ce, "Rubuta duka, har da inda ka yi mani tsawa."

Ni malamin daji ne a Faskari, mutumin Tafoki. Baba Audu ba mahaifina ba ne, amma shi ya koya mani aikin. Ya yi shekara talatin yana gadin gandun daji, bai taɓa shiga makarantar boko ba. Lokacin da na zo da takarduna da sabon wando, shi ya riƙa bi da ni daji yana ce mani wannan maɗaci ne, wannan kawo, wannan ɗorawa ce da ba ta so a tsaya mata a kan saiwa. Da Baturen daji ya samu gurbin mutum biyu da za su je ganin yadda ake kiwon daji a Amurka, ya ce ni in je saboda Turanci, Baba Audu kuma saboda ya san abin da zai duba. Wasu sun yi guna-guni. Baturen bai saurare su ba.

Bayan ƙaramar salla muka tashi, ruwan farko ya sauka ke nan. Motar auduga ta kai mu Funtuwa, daga nan muka shiga jirgin ƙasa zuwa Zariya, sannan Kano. Matar Baba ta haɗa mashi guzuri kamar mai zuwa hajji da ƙafa: kilishi, dakuwa, da ƙullin goro a cikin ganye. A filin jirgin Kano, da za mu hau matakala, na ji ya kama gefen rigata ta baya. Na yi dariya na ce, "Baba, tsoro?" Ya ce, "Ina tsoro, ƙarfe ne fa za shi tashi da mu." Ban kawo komai a raina ba.

Kwana biyu muka yi a Landan. Abin da na fi tunawa shi ne mutanen garin ba su gaisawa. Mutum zai zauna kusa da kai a mota, gwiwarku tana haɗuwa, ya buɗe jarida ya rufe fuska. Baba ya gaida mutum huɗu a jere ba wanda ya amsa, sai ya tambaye ni a hankali ko rasuwa aka yi a garin. A masauki aka kawo mana shayi, da kwalabe biyu masu kama da juna, ɗaya sukari ɗaya gishiri. Baba ya zazzaga gishiri a kofinshi, ya kurɓa, ya sake kurɓa. Ya ce, "Shayin Turawa dai sai su." Na yi dariya har na ƙware.

Da muka sauka New York, 'yan kwastan suka buɗe jakunkunanmu. Kilishin dai suka ce nama ba ya shiga ƙasarsu, suka ɗauke. Baba ya ce in gaya masu kada su zubar, su ci, na Sabuwa ne. Da suka zo kan goro sai suka tsaya suna juya shi. Baba ya ɓare ɗaya ya jefa a baki, ya miƙa wa jami'in ɗaya ɓarin. Mutumin ya tauna. Fuskarshi ta tattare wuri ɗaya, ya yi ta neman inda zai tofar. Ya tura mana ƙullin ya ce mu tafi da shi, wanda zai iya cin wannan ba abin da zai same shi.

Washegari aka kai mu ofishin waɗanda suka shirya tafiyar, aka haɗa mu da sauran baƙi, mu takwas daga ƙasashe daban-daban. Muna shiga, Baba ya juya wajen ƙofa ya rusuna, ya yi doguwar gaisuwa. Wata babbar kwat ce rataye a jikin sanda, da malafa a sama. Mutane suka danne dariya, wani bai iya dannewa ba. Na ji kunya ta rufe ni. Na ce a raina, wannan ƙauyanci da me ya yi kama.

Daga nan jirgin ƙasa muka shiga zuwa Kalifoniya, can ƙarshen ƙasar ta yamma. Kwana uku ana tafiya, a ciki ake ci, a ciki ake kwana. Abinci ya ba mu wahala, don naman alade yana shiga har cikin wake. Muka tsaya kan ƙwai da burodi da madara. Wanda ke kula da taragonmu wani dattijo ne baƙin mutum, gashin kanshi fari fat. Ranar farko ya tsaya yana kallon rigunanmu, sannan ya tambaye ni daga ina muke. Da na gaya mashi, ya ce shi an ce kakanninshi daga wajenmu aka kawo su, amma ba wanda ya san garin. Na fassara wa Baba. Baba ya riƙe hannunshi ya daɗe bai saki ba, ya ce, "Ce mashi in ya rasa gari, ya ɗauki Sabuwa." Daga ranar, in lokacin salla ya yi, mutumin nan yakan kawo mana ruwa mai ɗumi a buta, ya tsaya a bakin ƙofa har mu idar.

A rana ta biyu ne na yi abin da har yau nake jin ciwonshi. Muna ɗakin cin abinci, Baba ya miƙa hannu zai ɗauki burodi, ya ture tulun madara. Ta kwarare a kan rigar wata Baturiya da ke gefenmu. Matar ta miƙe tana faɗa, kowa ya juyo. Na ba ta haƙuri da Turanci, sannan na juya na ce da Hausa, da ƙarfi, "Baba, don Allah ka riƙa duba gabanka! Tun Landan kake ba mu kunya."

Bai ɗaga kai ba. Ya ce, "To, Hamisu."

Dattijon nan ya zo ya goge teburin. Ya kawo wani burodi, ya kama hannun Baba ya ɗora a kai, ya kuma ɗora ɗaya hannun a jikin kofi. Da zai wuce ya ce mani a hankali, "Ka riƙa tafiya kusa da tsohonka. Haka uwata take yi." Na ɗauka maganar tsufa yake. Na yi mashi godiya ban fahimci komai ba.

Daga inda jirgi ya ajiye mu, ƙasa ce mai zafi, shimfiɗaɗɗiya, cike da gonakin lemo da inabi. Wata babbar mota ta ɗauke mu muka fara hawan duwatsu. Hanyar ta yi ta naɗewa kamar gammo. Zafi ya ragu, sanyi ya shigo, muka fara ganin dusar ƙanƙara kwance a inuwar duwatsu. Can sama aka sauke mu a wasu ɗakuna na katako, kowanne da murhun ƙarfe a tsakiya.

Wanda ya karɓe mu shi ne shugaban masu gadin wannan daji, dogon dattijo mai ɗingishi, sunanshi Mista Olsen. Baba ya gwada sunan sau biyu ya ce, "Alasan dai." Mutumin ya ce ya karɓa. Da na tambaye shi ina gabas ɗin salla, ya ɗauko taswira da kamfas mai nuna arewa ya yi ta lissafi, sannan ya ɗauki alli ya ja mana layi a daɓen ɗakin. Shi ya yi mana bayanin itatuwan da muka zo gani, waɗanda suke kira sikwoya. Ya ce ba su fitowa ko'ina a duniya da kansu sai a gefen yamma na waɗannan duwatsu, kuma ko a nan ba su cika dajin ba. Rukuni-rukuni suke, kamar unguwanni, a inda ƙanƙara ke kwanciya da hunturu ta narke ta jiƙa ƙasa duk bazara. In aka yi ƙasa kaɗan zafi ya yi masu yawa, in aka yi sama sanyi ya hana su.

Da hantsi muka tafi da ƙafa. Muka yi ta ratsa wasu itatuwa dogaye, waɗanda a wajenmu kowannensu abin a zo kallo ne, amma nan ba a ko duba su. Muka karya wata kwana, sai kowa ya tsaya. Ni dai na ɗauka garu ne aka gina da jar ƙasa. Sai da na ɗaga kai, hulata ta faɗi, sannan na gane itace ne. Na ce, "La'ilaha illallahu. Baba, ka gani?"

Ya ce, "Na gani. Masha Allah, lalle babba ne."

Na juyo in dube shi. Ya ba wa sikwoyar baya. Wani itace yake kallo, irin waɗanda muka wuto, wanda mutum biyu za su iya runguma. Ya ɗaga kai yana gyaɗawa, yana murmushi.

Ban san tsawon lokacin da na yi tsaye ba. Matakalar Kano ta faɗo mani, da gishirin, da rigar kwat, da madarar. Sauran suka bi Alasan suka yi gaba. Na zo na tsaya a gaban Baba, na dubi idanunshi sosai, abin da ban taɓa yi ba don kunya irin ta ɗa da uba. Wani fari-fari ne kwance a tsakiyarsu kamar an ɗiga nono.

Na ce, "Baba, ba shi ba ne. Yana bayanka."

Murmushin ya tafi. Ya lalubi wani kututture ya zauna.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Damina biyu ke nan. Hazo-hazo ya fara, yanzu inuwa kaɗai nike gani. Dajinmu ƙafata ta san shi, hancina ya san shi, shi ya sa ba wanda ya gane. In aka gane sallamata za a yi, Hamisu, ni kuwa ban san zaman gida ba." Ya ƙara da cewa, "Tun shekarun baya wani Bature ya nuna mani hoton itacen ga. Da aka ce in zo, sai na ce ƙila in riski abin kafin hasken ya ƙare. Ashe ya riga ni."

Na durƙusa a gabanshi. Na so in ba shi haƙuri kan maganar jirgi, sai kuka. Ni da gemuna, a ƙasar mutane. Shi ne ma ya dafa kaina yana cewa, "Haba, tashi, kada Turawa su ce dukanka na yi."

Alasan ya dawo nemanmu da ɗingishinshi. Ya tambaya ko lafiya. Na dubi Baba, don na san duk abin da na faɗa zai iya shiga takarda ya riga mu isa gida. Baba ya ce, "Gaya mashi. Na gaji da ɓoyo." Na gaya mashi.

Alasan ya je ya sallami sauran tare da mataimakinshi, ya dawo. Akwai shingen katako kewaye da itacen, don saiwoyinshi ba su da zurfi, takun mutane yana cutar da su. Ba a barin kowa ya ƙetara. Ya zare itace biyu daga shingen, ya kama hannun Baba ya shiga da shi, ya ɗora tafinshi a jikin itacen.

Baba ya shafa. Ya danna da yatsa, ɓawon ya lotsa. Ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne. Ya ce, "Kai! Laushi gare shi kamar jikin raƙumi. Wannan ai bargo ya lulluɓa." Na fassara. Alasan ya ce kaurin ɓawon a wasu wurare ya kai kamu biyu, shi ya sa wuta ba ta kashe shi.

Baba ya cire takalmi, duk da sanyin ƙasar. Ya ce mu sa mashi dutse a inda ya tsaya. Ya fara tafiya, hannunshi na dama a jikin itacen, yana ƙirga taku a bayyane. Muka bi shi a baya. A ashirin ya tsaya ya ce, "Mun kusa?" Na ce ko rabi da ƙyar. Ya ci gaba. Wani wuri hannunshi ya faɗa cikin rami, inda tsohuwar gobara ta ƙone gindin ta bar kogo. Ya shiga, muka shiga mu uku, ba wanda ya sunkuya. Ya shinshina bangon ya ce wutar ta daɗe ƙwarai, ga sabon nama nan yana rufe bakin ciwon. Muka fito ya ci gaba da ƙirga. A arba'in da ɗaya ƙafarshi ta taɓa dutsen. Ya tsaya yana haki. Ya ce, "Tsarki ya tabbata ga wanda ya shuka wannan."

Sai ya kwanta rigingine a ƙasa, ya ce in kwanta kusa da shi in gaya mashi abin da ke sama. Na ce jikin ja ne kamar ƙasar Faskari bayan ruwa. Na ce ya miƙe sak, ba reshe ko ɗaya sai an wuce tsawon giginya, kuma reshen farko kaɗai ya kai kaurin maɗacin ƙofar ofishinmu. Na ce ganyen ƙanana ne, can sama, rana tana ratsowa ta tsakaninsu. Ya yi ta tambaya, ina ta amsawa. Alasan ya zauna a gefe ya cire malafa. Ya ce itacen nan yana tsaye tun kafin a haifi Annabi Isa. Ya tsinto ɗan itacen ya sa wa Baba a hannu, bai fi ƙwan kaza ba, ya karkaɗe mashi irin a tafi, ƙanana kamar na barkono.

Baba ya tashi zaune yana lalubar ƙasa, ya cusa hannu cikin busasshen ganye har wuyan hannu. Ya ce, "Tambaye shi, ina ɗiyan? Ban taka ƙarami ko ɗaya ba." Alasan ya ce abin da ke damunsu ke nan, ƙanana ba su fitowa. Baba ya tambaya ko suna sa wuta. Alasan ya ce a'a, aikinsu ma kashe wuta ne. Baba ya ce, "Iri ƙanƙane haka, ina zai ga ƙasa ta cikin wannan katifa? Mu can da kaka muke sa wuta da wuri, tun ciyawa ba ta bushe sarai ba, ta share ƙasa ba ta ci itace ba." Sai Alasan ya kai mu wani gefen hanya inda ma'aikata suka taɓa ƙona tarin rassa. Ya kama hannun Baba ya shafa mashi ƙasan. 'Yan sikwoya ne cunkus, ba su wuce gwiwa ba. Tsofaffin nan biyu suka tsuguna a wurin suna ta magana, ina tsakiya ina juyawa, har na rasa wa ke koya wa wa.

Ran da za mu sauko, Alasan ya kira mu gidanshi cin abincin rana. Matarshi ta dafa kifin rafi da dankali, ta ce ta wanke tukunyar sau biyu don kada mu yi shakka. Tare da mu ta zauna a tebur. Ta cire wa Baba ƙaya da hannunta. Da aka gama, sai ga Alasan, mai mutum ashirin a ƙarƙashinshi, ya ɗaura ƙyalle a ƙugu yana wanke kwanoni. Na raɗa wa Baba. Ya ce, "Kada ka kai wannan labari Sabuwa." Goro uku suka rage mashi, ya ba su biyu.

A hanyar dawowa hannunshi yana kafaɗata, tun daga dutsen har Funtuwa. Na ce mashi ba zan sa maganar ido a rahotona ba. Ya ce ba sai na sa ba, shi zai faɗa da bakinshi. Haka kuwa aka yi. Baturen daji ya saurare shi, ya ce gadin daji kam ya ƙare, amma ya rubuta mashi takarda zuwa asibitin ido a Kano. Ashe yanar ido ce, ana cire ta. Aka yi mashi aiki. Na hagu bai yi ba, na dama ya buɗe, da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Yanzu yana Sabuwa, yana kula da wurin renon itatuwa a bakin rafi.

Watanni bayan haka wasiƙa ta zo mani daga Alasan. Ya ce ya roƙi manyanshi su bar shi ya gwada ƙona wani ɗan fili, ba su amsa ba tukuna. A cikin ambulan akwai hoto. Ashe matarshi ta biyo mu a ranar nan da na'urar ɗaukar hoto, ba mu sani ba. Na kai wa Baba. Na same shi yana ba shuke-shuke ruwa. Ya goge hannu, ya gyara tabarau, ya kawo hoton dab da idonshi na dama.

Ya ce, "Waɗannan ƙwarin biyu fa?"

Na ce, "Ni da kai ne, Baba."

Ya bi jikin itacen da yatsa, daga ƙasa zuwa sama, har yatsan ya fita daga takardar. Ya juya bayanta ya duba. Ya ce, "To ina kan nashi?"

Na ce, "Bai shiga ba. Na'urar ba ta iya ɗauke shi duka."

Sai ya fara dariya, har ya cire tabarau yana share hawaye da hannun riga. Ya ce, "Ashe ba ni kaɗai ba ne. Ita ma gindin ta gani."